Surukata a Ɗakin Gungume

Shekarar da surukata ta zo mana Greensboro ganin jika, ina karatun digiri na biyu, muna zaune a wani ɗan gida a bayan High Point Road. Hajiya ta daɗe ba ta ga komai na Amurka ba sai filin da ake sayar da tsofaffin motoci, shi ma ta tagar kicin. Abin ya dame ni. Malamina, wani Bature mai son daji, ya ce in kai ta da iyalina wani tsohon masauki a gandun dajin gwamnati, can kan duwatsu. Wai tun zamanin kakanninsa aka gina shi.

Tsakanina da Hajiya gaisuwa ce kawai, kai a sunkuye, don haka na bar wa matata bayanin. Ita kuwa hidimar jariri ta sha mata kai, abin da ta faɗa mata kawai shi ne ta haɗa kaya, za mu tashi.

Mun isa da la'asar. Ɗakin da aka ba mu da gungumen itace aka yi shi, an toshe tsakaninsu da laka. Babu lantarki, sai fitilar ƙwai da murhun dutse. Hajiya ta dubi rufi, ta dubi ƙasa, ta zauna a bakin gado ta yi hamdala a hankali.

Na fita ɗebo itace. Ina dawowa na ji muryar Hajiya ƙasa-ƙasa ta jikin bango, tana yi wa matata magana.

"Ki yi haƙuri da shi, kin ji. Namiji ba ya faɗa idan abu ya karye masa. Zan share wajen, za ya zaunu."

Ashe ta ɗauka an kore mu daga gida ne, nan muka ƙaura. Matata ta yi dariya har jariri ya farka. Ni kuwa na tsaya a waje rungume da itace, na rasa ta yadda zan shiga.

Ko da aka yi mata bayani ba ta gamsu ba. Ta leƙa baranda ta ga Turawa a jere kan kujeru masu lilo, ta tambayi ko su wane ne. Matata ta ce wancan likita ne, na kusa da shi lauya.

Hajiya ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki. Har su ma?"

Da magariba aka kaɗa ƙararrawa, kowa ya hallara a dogon tebur ɗaya. Wake aka kawo da burodin masara. Hajiya ta kwance ƙullin yajinta ta barbaɗa, ta tura wa likitan, tunda a ganinta abin tausayi ne. Ya zuba da yawa. Hawaye na zuba yana godiya, ita kuma tana ƙara masa.

Da safe muka tarar gajimare ya kwanta a ƙasanmu, duwatsu sun leƙo ta cikinsa. Wata barewa tana kiwo dab da ƙofa, ko gezau. Hajiya ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce wa matata wannan da a garinsu ne, da ba ta kai azahar ba. Ta ja kujera mai lilo ta zauna da jikanta a cinya, tana jan carbi. Sai da rana ta kore gajimaren sannan ta yarda muka karya kumallo.