Katakon Baba Sada

Na sauka! Wallahi na sauka lafiya, mace ce, jiya aka yi suna, Rahmatu. Amma ku tsaya, barkar nan ba tawa ba ce ni kaɗai, rabi ta Baba Sada ce, tsohon direban motar asibitin nan da ke zama a bakin tashar 'yan napep a nan Daura.

Kullum hantsi bai yi ba za ka gan shi ya turo wani tsohon keken guragu, ga katako mai santsi a hammata. Ba wanda ya sa shi fa. Direban da ya yarda, sai Baba ya zaunar da shi a keken, ya ɗaure masa ƙafafu da rawani, ya ce to shiga napep ɗinka mu gani. Ƙato da gemu yana ta zufa, 'yan tasha na dariya. In ya sha wuya sannan a koya masa yadda ake shigar da irinmu napep da katakon.

Ni Haulatu, shan inna ta kama ni tun ina goye, keke ne ƙafata. Cikina na fari, maigidana Musaddiq yana can kasuwar Mai'adua, ni kaɗai nake zuwa awo. Direba ba zai kama matar wani ba, ni ma ba zan yarda ba. Sai ya tsaya gefe yana ta sannu Hajiya, ni kuma in kama ƙarfe in ja jikina. Ranar nan ba a danne birkin keken ba, ya zame, na faɗa bakin kwata, ga ciki ya tsufa. Namiji ne, bai zo da rai ba. Ko fuskarsa ban gani ba aka kai shi. Na ce ni da asibiti har abada.

Da na samu wannan cikin, ƙafafu suka kumbura, kai na sara, na ƙi fita. Inna Kubura maƙwabciyarmu ta kai wa Baba labari. Sai ga shi a zaurenmu da wani direba, Zailani.

Ya ce, "'Yata, ba wanda zai taɓa ki. Katako ne zai ɗauke ki, shi ko ba ruwansa da muharrami."

Ban so dariya ba, na yi. Zailani ya danne birki, ya gitta katakon daga kekena zuwa kujerar napep, ya dafe shi, na zame a hankali na shige. Ya naɗe keken ya ɗaure a baya, bai wurga shi sama ba. Baba ya shiga gaba, ya ɗora kwano cike da ruwa a cinyarsa.

"In ya zube, ka koma keke gobe."

Zailani ya ce, "Haba Baba, ramukan nan ni na haƙa su?"

"Kai za ka shiga su dai. Ja mu je."

Da muka isa, nas ta ce jinina ya hau sosai, da na ƙara zama a gida da jijjiga ta kama ni.

Baba, kai ne ka mayar da ni asibiti. Kai ne ka lura kunyarmu ma tana kashe mu, ka nemo mana hanya ba ka ce mu ajiye ta ba. Allah ya biya ka, ni ba ni da bakin godiya.

To ga abin da ya hana ni cin tuwon suna. Da aka miƙa masa jaririyar a zaure, ya shafa kanta, ya kawo ta dab da fuskarsa, sai ya tambayi Musaddiq, "Wa ta ɗebo, kai ko uwar?" Ashe idonsa ya tafi, dishi-dishi kawai yake gani. Ya ce daga damina ya ajiye koyarwar. Direbobin da suka koya kuwa ba su da yawa, sauran sun ce fasinja na wuce su. Akwai Hadijatu a Baure, irina ce, cikinta ya fito, har yau ba ta je awo ba.

Don Allah duk mai ƙane ko miji ko ɗa da ke jan napep, ku karanta masa wannan, ku tura wa na gaba. Ya je tasha ya zauna a keken nan tun Baba yana iya ganin hannunsa a kan birki.