Mota Ta Ƙarshe

Tun da hanya ta lalace da 'yan bindiga, direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Gusau da Tsafe suka daina tafiya ɗai-ɗai. Sai a taru a tasha, a jira motoci su cika, a tashi a jere. Ƙanena yana cikinsu. Da tsohuwar motarsa yake ciyar da Inna a Bungudu, ni kuwa ina aure a Tudun Wada cikin Gusau, duk lokacin da tafiya ta kama ni ayarinsu nake bi.

Da farko tafiyar nan ba ta da daɗi ko kaɗan. Kowane direba waya a kunne, hannu ɗaya a sitiyari. Na baya ya kira na gaba ya ji ko lafiya, na gaba ya taka birki don ya amsa, na bayansa ya firgita shi ma ya taka, kan ka ce me ayari ya cakuɗe. Akwai ranar da akuya kawai ta tsallaka titi, amma kafin labari ya isa motar ƙarshe ta zama mutane a kan babura. Wata mata har ta fara kalmar shahada.

Wani dattijon direba, wanda kowa ke ce wa Baba, shi ya gaji ya tara su.

"Surutun ga shi za ya kashe mu," in ji shi. "Kowa shi dubi motar da ke gabanai, shi dubi ta baya ga madubi. In ka ga abu ya sake, ka kunna wuta, ka yi kira. In ba a ji ka ba, lafiya lau kake."

Gaskiya tsarin ya yi aiki. Motoci suka riƙa tafiya sumul, tazara daidai, ba mai firgita wani. Ƙanena ya ji daɗin abin har ya kai shi gida. Inna mace ce mai yawan kira, in bai ɗauka ba ta hana kowa sakat. Ya zaunar da ita a gabana ya yi mata bayanin dokar Baba tiryan-tiryan, ya ƙara da cewa ni ma ya kamata a sa mini irinta, tunda bakina ba ya hutawa. Na jefe shi da murfin kwano, Inna tana ta dariya.

Ranar da abin ya faru bikin suna zan je Tsafe. Motar ƙanena ta cika da buhunan gero, sai ya sa ni a ta Baba, can gaba. Shi ya makara wajen lodi, don haka ya zamo na ƙarshe. Da hantsi muka tashi, rana tas, gonaki kore shar. Wayar Baba tana ajiye a gabansa, ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya, ni kuwa har da gyangyaɗi.

Da muka isa Tsafe motoci suka yi ta shigowa tasha. Na tsaya da jakata ina jiran ƙanena ya zo in yi masa tsiyar rashin gudu. Shiru. Baba ya tambayi direban da motarsa ke gaban ta ƙanena.

"Wallahi Baba kaya sun rufe min gilas na baya, madubin gefe kuma ka san ya fashe. Da ban ji kira ba, na ɗauka shina biye."

Na kira lambar ƙanena, ba ta shiga. Akwai wani yanki a hanyar da sabis ba ya kaiwa, kowa ya san da shi, amma ba wanda ya taɓa kawo shi cikin lissafi. Na riƙe rigar Baba, na manta da kunya, na ce a koma. Ya ce mota ɗaya ba ta komawa, sai an sake haɗa ayari. Na zagi direbobin nan, na roƙe su, na durƙusa a ƙasa a gaban mutane. Ba wanda ya yarda ya koma, kuma ban ga laifinsu ba, kowa da iyalinsa. Ban taɓa jin rashin ƙarfi irin na ranar ba.

Sai da la'asar aka koma. Aka sami motar a gefen titi, gabanta a buɗe, makulli a jiki, gero ko buhu ɗaya ba a taɓa ba. Da alama lalacewa ta yi, ya fito yana dubawa. Wayarsa ba ta nan, shi ma ba ya nan.

Mun yi cigiya iya ƙarfinmu. Wasu in aka ɗauke nasu akan kira su a faɗi abin da ake so. Mu har yau ba a kira mu ba. Baba ya canza doka, yanzu motar ƙarshe dole ta yi kira a kowane gari, ya zo har gida ya gaya mini. Na ce masa Allah ya kiyaye na gaba.

Duk Juma'a ina zuwa Bungudu. Inna ta san komai, ba abin da muka ɓoye mata. Amma ina shiga, kafin in cire takalmi, sai ta tambaya ko ya kira. In ce bai kira ba. Sai ta gyara zama a kan tabarma ta ce:

"To, alhamdu lillahi. Ai shi da bakinai ya ce in ba a ji shi ba, lafiya lau shike."