Mai Ƙofar Ruwa Ya Daina Kira

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata tara ga wata wayata ta yi ƙara, yara suka ce, "Mama, Baban Ƙetare ne!" Na ɗauka, sai na ji muryar mace. Matarka ce. Ta ce ka rasu da safe, ciwon ƙirjin nan.

Baba, ban taɓa ganin fuskarka ba wallahi. Kai kana can ƙasarku, sama da mu, kana tsaron ƙofar madatsar ruwa. Mu muna nan ƙasa, kogin da kuka sako shi muke sha.

Shekarar da aka saki ruwa haɗe da dattin kwatocin garinku, amai da gudawa suka shigo mana, na binne autana. Wani mai kwalekwale ya ba ka labari. Kai ka aiko a karɓo maka lambata, ba wanda ya sa ka. Daga nan duk randa za ku buɗe ƙofa sai ka kira: "Maman 'yan biyu, ku cika randuna yau, gobe kar kowa ya je kogi." Ni kuma in ɗau murfin tukunya ina bugawa gida gida. Har tsokanata kake, wai ni ce gidan rediyon unguwa. In ce to kai ne mai karanta labaran, ka yi ta dariya har tari ya sarƙe ka.

Na taɓa ce maka katin wayarka na ƙarewa a kanmu. Ka ce, "'Yar nan, jikokina ma ruwan da wasu suka sako suke sha."

Shekaranjiya kogi ya zo baƙi, yana wari. Ba wanda ya kira. 'Yan biyuna sun riga sun ɗebo sun sha kafin in gani. Ɗayar tana kwance yanzu, ina ba ta ruwan gishiri da sukari. Manyan da ke zama kan maganar kogin nan, namu da nasu, don Allah ku ba wanda ya gaji ƙofar lambata. Ba ta canza ba.

Allah Ya jiƙanka Baba, Ya shayar da kai ruwan Alkausara. Inna, ke da yara da jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri. Murfin tukunyar yana nan a rataye bayan ƙofa, wayar ma kullum da caji.