Rawanin Gado a Kan Ɗan Ƙani

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Waheguru, Ubangijinmu, ya karɓi abinsa. Yayana Ajaib Singh, marinin rawuna na ƙauyenmu kusa da garin Moga a ƙasar Indiya, ya faɗi a bakin tukunyar rininsa, bai sake tashi ba. Shekarunsa saba'in da uku.

Veer ji, yayana, ni ce ƙanwarka Nasib Kaur. Ka san a aji biyar na tsaya, rubutu ba aikina ba ne. Abin da ke raina ne ya ƙi kwanciya.

Shekara hamsin kana rina wa mutane rawani. Mai son shuɗi ka ba shi, mai son ruwan goro ka ba shi, alhali kowa ya san ɓangaren siyasar da kowane launi yake nufi. In aka tsokane ka aka ce kai na wa ne, sai ka ɗaga hannuwanka da rini ya cinye ka ce, "Ku duba da kanku, duk suna nan."

Ba zan manta shekarun tashin hankali ba, lokacin da saurayi mai rawani ruwan goro zai fita gona jami'an tsaro su ɗauke shi da zargin ɗan aware ne, ba a sake jin ɗuriyarsa. Iyaye mata suka riƙa kawo maka rawunan 'ya'yansu a ƙarƙashin mayafi. Kana tsoma su a baba su fito shuɗi mai duhu, ba ka tambayar na wane ne. Yaran nan yau suna da furfura. Su suka ɗauki makararka.

Ɗanka tilo, Tarlochan, shi ne bai ɗauka ba. Shekara tara ke nan yana Kanada. Ya shiga cikin masu neman a ba mu, mabiya addinin Sikh, ƙasarmu daban, ya nemi mafaka a can. In ya dawo gida takardunsa sun mutu, bai kuma san abin da zai tarar a filin jirgi ba. Kullum kuna musu a waya.

"Bapu, ba mu da ƙasa!" zai ce maka, Bapu wato Baba.

"To ni a kan me nake tsaye, jakin nan? A kan ruwa?"

Sai ka kwashe da dariya. Amma wata rana ka tambaye shi wa ke riƙe masa ɗaya bakin rawani in zai ja shi ya linke da safe, tunda aikin mutum biyu ne. Ya ce, "Mariƙin ƙofa, Bapu." Ranar ba ka yi dariya ba. Ka miƙo min wayar ka fita.

Jiya Alhamis ka cika kwana goma, aka sauke karatun Littafi Mai Tsarki a gurdwara, ɗakin ibadarmu. Aka kawo rawanin gado a faranti, wanda ake naɗa wa ɗan mamaci a gaban jama'a don a san gidan yana da mai riƙe shi. Ni ce ke riƙe da waya, Tarlochan yana kallo ta bidiyo daga Kanada. Dattawa suka ce a naɗa wa Jasmer, ɗan ƙaninmu. Matarka Bachan Kaur ta rungume farantin.

"Ɗana yana raye," in ji ta. "A jira shi."

Muryar Tarlochan ta fito ƙasa-ƙasa, yana kirana goggo da harshenmu. "Bhua ji, ki ce mata ta saki. Ba zan zo ba. Ba bana ba, ba baɗi ba."

Veer ji, ni na faɗa mata. Da bakina. Ta daɗe tana kallona, sannan ta saki. Aka naɗa wa Jasmer, kansa a sunkuye kamar wanda ya yi sata. Da na duba wayar, rufin ɗaki kawai na gani, ina jin kukan ɗanka.

Ban san wa ke da gaskiya tsakaninka da ɗanka ba, ban kuma san me zan yi da ban yi ba. Ka yafe min.

Waheguru ya ba ka wuri a ƙarƙashin ƙafafunsa, ya yi maka rahama yadda ka rufa wa 'ya'yan mutane asiri. Ina yi wa Bhabi, matarka Bachan Kaur, ta'aziyya, da Jasmer da aka ɗora wa abin da bai nema ba, da dukan dangi. Tarlochan, ɗana, Ubangiji ya ba ka haƙuri, ya sa mahaifiyarka ta ga fuskarka kafin nata lokacin ya zo.