Shekarar da Kakana Ya Ajiye Allura

Duk lokacin da na shiga shagon tela na ji ƙanshin sabuwar shadda, zauren gidanmu na Tudun Wada nake tunawa. A nan kakana yake zama bisa buzu, babbar riga shimfiɗe a cinyarsa, yana yi mata aikin hannu. Daga unguwar Gyallesu har cikin birni ake kawo masa ɗinki. Mutum ne mai barkwanci. Ni ce jikarsa ta fari, kullum yana tsokanata wai zai sake ni don ban iya tuwo ba.

Ina firamare babban yatsansa na dama ya fara rawa. Da farko wasa ya mayar da abin. Kafin damina ta zagayo, zare ya ƙi shiga allura. Daga baya tafiyarsa ta koma jan ƙafa, muryarsa ta yi ƙasa, fuskarsa ta daskare kamar ba ta taɓa sanin dariya ba. A asibiti aka ce cutar Parkinson ce, aka ba shi magani. Rawar ta ragu, amma kakana bai koma zaure ba.

Ya daina zuwa masallaci, ya ce yara na kallon hannunsa a sahu. Sai ya wuni a ɗaki yana fuskantar bango, abinci ya huce a kwano. Mu kuwa jikinsa kawai muke gani. Kowa na gaggawar yi masa komai, a sa masa riga, a ba shi abinci a baki, a amsa gaisuwar da aka yi masa tun bai buɗe baki ba. Baffana ya zo ya yi masa doguwar nasiha kan haƙuri da ƙaddara. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na sani." Bayan fitar baffan, na ga hawaye na bin fuskar nan da ba ta motsi.

Kakata ce ta fara ganewa. Wata rana ana ruwa, ina tsintar shinkafa a bakin ƙofarsu, na ji ta ce, "Malam, ina ne yake maka ciwo?"

Ya ce, "Babu. Gari ne yake wayewa, ni kuma ban ga abin da zan tashi in yi a cikinsa ba."

Ta sa babana ya kai wa likita maganar nan yadda take. Likitan ya ce ciwon damuwa ne, yakan zo tare da wannan cuta, ba raunin imani ba ne, kuma yana da magani. Aka ƙara masa wata ƙwaya. Kakata ta hana a ba shi abinci a baki. Da kansa zai ci, ko da rabi zai zube, ita kuma ta sa hannu a kwano ɗaya da shi. Babana ya riƙa raka shi sallar La'asar, suna takawa a hankali, ba mai cewa ya yi sauri. Wani da ya koyi ɗinki a hannunsa yakan kawo riga ya duba masa zane.

Ba zan ce maka ya warke ba. Akwai ranar da zai fito har ya yi hira, akwai kuma makon da ba mai jin muryarsa. Ya rasu cikin zafin bazara. Har ta bar duniya, kakata tana cewa mun daɗe muna jinyar hannu, mun manta da mai hannun.

Yanzu a unguwar Kwangila nake aure, inda kowane gida ƙofarsa a rufe take, tsoho zai shafe wata a ɗaki maƙwabci bai sani ba. Akwai wani dattijo a layinmu da hannunsa ke rawa. Kwanan nan na daina ganinsa a kan bencin da yakan zauna a ƙofar gida. Na je na tambayi matar ɗansa.

"Lafiyarsa ƙalau, yana shan maganinsa," ta ce. "Magana ce kawai ba ya so."

Na ce ko zan iya shiga in gaishe shi. Ta ce barci yake yi, in dawo wani lokaci.