Ɗingishin Ragona

A kasuwar Dutsin-Ma na saye shi yana ɗan ƙarami, fari mai baƙin wuya, da niyyar in kiwata shi zuwa Babbar Sallah. Niyyata ke nan, Allah shaida. Amma kafin wata uku ya gane ƙarar babur ɗina. Ina shan kwanar layinmu zai fara kuka, kuma a gidan nan kaf, har da matata, babu mai yi mini irin wannan maraba.

Sai na lalace a kansa. Harawa daga Karofi nake ɗauko masa, dusa sai na tsince ta tas, wanka duk Juma'a kafin in yi nawa. Liman na sallame sallar asuba nake zabura, ko tasbihi ba na tsayawa yi, kada ya ji yunwa. Matata ta ce saura in ɗinka masa riga in kai shi makaranta.

Sallar farko na ce bai kai ba, aka yarda. Kafin ta biyu ya zama kamar maraƙi, har maƙwabta na leƙowa suna yi masa kallon da ba na so. Nan na tuna karatun da muka yi muna yara, cewa dabba mai ɗingishi ba ta layya. Ranar jajibiri na yagi tsohon zane na naɗe masa ƙafa, na shiga gida ina salati, wai ya gurɗe.

Da la'asar kawuna ya iso daga Birchi. Tsoho ne, malami, shi ya koya mini wannan hukuncin da bakinsa, kuma a gidana yake yin Sallah duk shekara.

"Mi ya samu ragon?" ya ce.

"Kawu, kun ga ƙaddara. Ƙafar hagu ce."

"Ta dama ka ɗaure."

Ina neman abin faɗi, sai matata ta fito da kwanon dusa. Maci amanar nan ya tsinke igiya, ya tsallake turmi da tsummansa a ƙafa, ya dira gabanta.

Kawu bai yi dariya ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Ya ce, "Rago dai lahiyarshi lau. Mai ragon ne ke ɗingishi." Ya ɗauko igiyar ya damƙa mini. "Baki guda na wuyanshi. Gudan hwa?"

"Yana hannuna."

"To shekara biyu, wa ke jan wani?"

Na ce ina son sa ne kawai, ni da furfurata.

"Wa ya hana ka son shi? Abin da ba ka so, in ka ba Allah, mi ka ba Shi? Ka so shi, ka buɗe hannunka."

Da muka sauko daga idi na ba ragon ruwa, na sosa masa bayan kunne inda ya fi so. Kawu ya miƙo hannu zai karɓi wuƙar, na ce ya bari. Da hannuna na yi. Na yi kuka sosai, na ce hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba. Da matata ta kawo hanta na ci ina share ido, kuma ba zan ɓoye ba, na nemi ƙari.

Washegari liman na sallamewa na zabura kamar kullum. Har na sa takalmi ɗaya sannan na tuna. Na tsaya a bakin masallacin, kewa ta cika mini ƙirji, amma kafaɗuna sakayau. Na cire takalmin na koma sahu kusa da Kawu. Bai dube ni ba, ya dai turo mini carbinsa. A nan rana ta fito ta same mu.