Makullin Maman Sesugh

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Dogo Nini ta Potiskum ya san Ya Falmata mai injin niƙa, ko bai san fuskarta ba ya san muryarta. Injin nata tsoho ne, idan ya tashi sai kajin unguwa sun watse, ita kuwa ta saba ɗaga murya a kan ƙararsa har ta kai ko an kashe shi ba ta iya ragewa. Mata na kawo markaɗen wake da gero, su koma da ƙullu da labarin gari. Ba muguwa ba ce, ko kaɗan. Magana ce dai ba ta kwana a cikinta.

Iyayenta daga Borno suka zo Potiskum tana goye. Nan ta girma, nan ta auri Kyari direban motar shanu, wanda rabin rayuwarsa a hanyar kudu take. Katanga ɗaya ta raba gidanta da na Dooshima, malamar firamare 'yar Tibi daga Binuwai, wadda kowa ke kira Maman Sesugh. Sun haura shekara ashirin tare. Falmata ce ta dafa mata ruwan jego da ta haifi Sesugh. Idan Kirsimeti ta zo, Dooshima kan jira Kyari ya dawo ya yanka mata kaji, don maƙwabta su ci ba tare da shakka ba. Da Sallah kuwa kwanon farko da ke fita daga gidan Falmata can yake nufa. Ita da bakinta take shelar cewa duk Potiskum Maman Sesugh ba ta da kamarta.

Sai shekarun nan na kashe-kashe suka zo. Aka hana hawa babur, aka kafa shingayen sojoji, aka sa dokar hana fita. Masu kashe mutanen ma ba a kiran sunansu, sai dai a rage murya a ce "yaran nan", domin ba ka san ɗan wa ke saurare ba. Baƙi suka fara tattara kaya. Wata safiya Dooshima ta shigo, ta ce za su koma gida sai abin da Allah ya yi. Suka rungume juna suka sha kuka. Falmata tana kukan tana jiran a miƙo mata makulli, don kowa ya san mai tafiya wa yake bar wa gida: wanda ya fi yarda da shi. Mota ta tashi, ba a miƙo komai ba. Ta lallashi kanta da cewa ruɗewa ce ta sa ƙawarta ta wuce da shi.

Ba a rufa mako ba ta fito da sassafe, sai ga Asta matar Babaji tela tana fitowa daga gidan Dooshima da tsintsiya a hannu. Asta ta waiga dama da hagu, ta kulle ƙofa, ta cusa makulli a ƙugun zani. Asta fa, wadda ta tare a unguwar shekaranjiya, wadda ko gaisuwa sai ka kasa kunne kake jin amsarta.

Kishi ya turnuƙe Falmata, ranar ko abinci kasa ci ta yi. Ba kayan gidan take so ba, me za ta yi da kujerun malamar makaranta? Ita dai abin da ke cinta shi ne, ashe duk shekarun nan ba ita ce ta farko ba. Idan ta jiyo ƙarar ruwa ta bayan katanga, ta san Asta ce ke ban ruwan gwaibar da ita Falmata ta dasa da hannunta. Idan ta jiyo shara, sai ta ji kamar a ƙirjinta ake jan tsintsiyar. Da Dooshima ta bugo waya, sai ta amsa a daƙile: lafiya lau, yara lafiya, sai an jima. Girman kai ya hana ta tambaya.

Abin da ta kasa faɗa a waya, a bakin inji ta zubar da shi. Duk wadda ta ajiye roba sai ta ji.

"Ba ku sani ba? Ai mun yi sabuwar mai gadi a unguwa. Asta ce wakiliyar Maman Sesugh yanzu, makulli a ƙugu kamar wadda aka ba ajiyar gwal. Mu da muka yi wahalar jego mun zama 'yan kallo."

Wata rana Nagoggo, tsohuwar da ke sayar da daddawa, ta dafa mata hannu ta ce, "Falmata, rage murya. Yanzu ba da ba ne."

"Ƙarya na yi, Nagoggo? In ƙarya ce ta zo ta ƙaryata ni."

Ba ƙarya ta yi ba, kuma gaskiyar tata ta yi tafiya. Daga bakin inji ta shiga gidaje, daga gidaje ta fita titi. Wata ranar Laraba da hantsi samari biyu da ba wanda ya san su suka tsaya a shagon Babaji. Suka gaishe shi cikin ladabi, suka tambayi lafiyar Asta da sunanta, suka ce yaya gidan mutanen nan da take yi wa gadi? Ba su ƙara komai ba suka wuce. A wancan zamani irin wannan gaisuwar ta ishi mai hankali. Babaji ya kwance kan kekensa na ɗinki, ya nemi motar da za ta kai su ƙauyensu ta wajen Danchuwa.

Washegari Falmata na ƙoƙarin tayar da inji sai ga Asta da mayafi, idanunta sun kumbura. Ta duba ta ga babu kowa, sannan ta kwance bakin zani ta ɗora makullin a kan buhun dusa.

"Ya Falmata, ga shi. Mu mun tashi."

Falmata ta ji kunya ta rufe ta, amma kishin bai sake ta ba. Ta ce, "Ni kuma? Ai mai gida ta zaɓi wadda ta yarda da ita."

Asta ta dube ta, ba faɗa a muryarta. "Ranar da za ta tafi na ce mata, Maman Sesugh, ga Ya Falmata, me ya kawo ki wurina? Ta ce, Falmata 'yar'uwata ce, in na ba ta, kafin azahar duk Dogo Nini sun ji don murna, yaran nan su zo su kashe min ita. Ta ce ni ba na magana, ba wanda zai sani. Ta roƙe ni kada in gaya miki, wai za ki ji haushi."

Ta gyara mayafi. "Ni dai ban gaya wa kowa ba, Ya Falmata. Gwaibar tana son ruwa da safe."

Falmata ta bi ta da kallo. Tana tsaye har motar su Asta ta sha kwana, da kan keken Babaji ɗaure a sama.

Ta ɗauki makullin da ta yi wata da watanni tana mafarkinsa, ta ƙulle shi a zanin ciki. Tun daga ranar takan shiga gidan da sassafe ta ba gwaiba ruwa, ta waiga dama da hagu kafin ta fito, kamar yadda Asta ke yi. Mata suka ci gaba da kawo markaɗe. Wata ta tambaye ta, wai yanzu wa ke riƙe da gidan Maman Sesugh tunda Asta ta tashi? Falmata ta ji ƙarfen yana taɓa cinyarta. Ta sunkuya ta ja igiyar inji, ta bar shi yana ƙara shi kaɗai.